Ɓatan Wata: A Gwada Kafin A Haɗiyi Komai

Da wuya mako ya wuce ban ji an ba wata mace wannan muguwar shawara ba: "Al'adarki ta yi jinkiri? Jiƙa jar kanwa ki sha da ɗumi, gobe za ta sauko." Wata ta ce a dafa ganyen shayi ya yi baƙi ƙirin a matsa lemon tsami. Wata ta ce a je kemis a karɓo "maganin wankin mara". Masu tallar magani a mota da lasifika kuma suna ta shela a bakin kasuwa cewa jini ne ya daskare, kwalba ɗaya za ta narkar da shi. Abin ya ishe ni. Mata na cutuwa a kan tambayar da tsinken gwajin ciki, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, zai amsa cikin minti biyar.

A taƙaice, ana ƙirga zagayen al'ada daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jinin gaba. Kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace, kwana 28 ɗin da ake yawan faɗa ba doka ba ce. Yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba ma takan kai kwana 45. Ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin jini ya zo, saboda haka in fitar ƙwai ta yi jinkiri, jini ma zai yi. Damuwa, zazzaɓi mai tsanani, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, shayarwa, allurar tazarar haihuwa ko ashanar hannu, matsalar sinadaran jiki, da kusantar daina al'ada bayan shekara 45, duk suna iya jawo haka. Ciki ma yana jawowa, shi ya sa ake gwaji.

To, mu dawo kan maganar daskararren jini. Babu wani jini da ke taruwa a mara yana jiran a tura shi. Abin da ke fita lokacin al'ada shimfiɗa ce da mahaifa ke yi kowane wata don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba, sinadarin da ke riƙe da ita ya sauka, sai ta zube. Muddin wannan lokaci bai yi ba, ko buhun kanwa mace ta shanye ba abin da zai fito. Kanwa ciki take shiga ta bi hanji, mahaifa kuwa ba a hanyar abinci take ba.

Za a ce: "Ai ni na sha, washegari na ga jini." Na yarda kin gani. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Al'adar da ta yi jinkirin kwana biyar ko bakwai dama tana hanya. Kin sha kanwar ranar Talata, jinin ya zo Laraba, sai kanwa ta kwashe yabo. Wadda ta sha ba ta ga komai ba kuwa ba za ki ji labarinta ba, don kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Hali biyu ne kawai. In babu ciki, kin wahalar da jikinki a banza. In akwai ciki, kin jefa rai biyu a haɗari. Yawan kanwa yana ƙona ciki, yana ɗaga hawan jini, yana ɗora wa ƙoda nauyi. Kwinin da ake bankawa da yawa yana iya taɓa ji da gani, ya rikita bugun zuciya. Farasitamol da aka haɗiya barkatai yana kashe hanta, kuma alamar ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da ɓarna ta yi nisa. Ampiclox da 'yan mata ke sha bayan kwanciya maganin ƙwayoyin cuta ne, bai taɓa hana ciki ba. Ƙwayoyin da ake kira na dawo da al'ada kuwa sinadarai ne da likita ke rubutawa bayan ya tabbatar babu ciki; in da ciki, jinin ba zai zo ba, sai dai a ɓata makonni ana jira. Postinor-2 aikinsa jinkirta fitar ƙwai ne, cikin awa 72 bayan saduwa ake shansa. In har an kai ga ɓatan wata, lokacinsa ya wuce, shi kansa ma yakan sa al'ada ta zo da wuri ko ta makara.

Mafi muni shi ne masu cusa ganye, ko wani abu mai tsini, ko masu zuwa bayan shago a yi musu "wanki". Nan ake samun huda mahaifa, zubar jini da ba ya tsayawa, ruɓewar mara, da rashin haihuwa na har abada. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu sanadin ciki da haihuwa a duk duniya a Najeriya suke. Ba mu da rarar matan da za mu ƙara a wannan lissafi saboda shawarar maƙwabciya. Kai kuma mai kemis da ke miƙa allura da ƙwaya ba ka tambayi komai ba, ka ji tsoron Allah. Kuɗin da ka karɓa ba zai biya diyyar rai ba.

Me ya kamata a yi? Da farko, 'yar'uwa, ki zauna ki tuna ranar da jininki na ƙarshe ya fara. Daga yau ki riƙa rubutawa a kalanda ko a waya, don rabin fargabar daga mantuwa take. Sannan ki sayi tsinken gwajin ciki, ki duba ranar lalacewarsa. Yana aiki tun daga ranar farko da al'ada ta saɓa. In ba ki riƙe kwanakinki ba, ki ƙirga kwana 21 daga saduwa ta ƙarshe. Ki yi amfani da fitsarin farko na asuba, kafin ki sha ruwa da yawa. Ki tsoma tsinken zuwa iyakar layin da aka shata, ki ajiye shi a kwance, ki duba bayan mintunan da takardarsa ta faɗa, galibi uku zuwa biyar. Layi biyu, ko da na biyun dishi-dishi ne, akwai ciki. Layi ɗaya, babu. In ba layi ko ɗaya, tsinken ne ya lalace, ki sake wani. Kada ki ɗauko shi daga shara bayan awa guda ki ce kin ga layi. Gwajin gishiri, suga ko man goge baki da ake yaɗawa a TikTok kuwa wasan yara ne.

In ya nuna babu, kuma jini bai zo ba, ki maimaita bayan mako ɗaya. Ki ci abinci, ki yi barci, ki daina latsa mara kina neman alama. Ciwon nono da kasala suna zuwa kafin al'ada kamar yadda suke zuwa a farkon ciki. In wata uku suka wuce ba jini ba ciki, ki je asibiti a bincika dalili.

In ya nuna akwai, ki tsayar da duk wani jiƙe-jiƙe, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya duk abin da kika riga kika sha, ba ɓoye-ɓoye. Ki fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, domin a makonnin farkon nan ne lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa. Ki fara awo kafin ciki ya cika mako 12, kada ki jira sai ya fito. Mai goyo kuma ta sani, shayarwa tana kare ta daga ɗaukar ciki ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Bayan haka kwanika na iya faruwa ko ba a ga jini ba, don ƙwai yana riga jini fita.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Ɓatan wata tare da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ɗigon jini, ciwon kafaɗa, jiri ko suma, yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, wanda ke samun kimanin ciki 1 zuwa 2 cikin 100. In bututun ya fashe, jini a ciki yake zuba, ba a gani. Haka zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ko ruwa mai wari bayan an sha wani abu. A tafi asibiti a daren, kuma a faɗi gaskiya.

Saura ku, maza da iyaye. Maigida, ba daidai ba ne ka ce ba ka shirya wa wani ciki ba, ka kuma hana matarka zuwa tazarar haihuwa, sannan in wata ya ɓata ka ɗaure fuska ka bar ta da zullumi ita kaɗai. Fita ka sayo tsinken da kanka, ku duba tare. Uwa, in 'yarki ta ce ba ta ga al'adarta ba, kada mari da zagi su riga tambaya. Sau da yawa jarrabawa ce ko zazzaɓi ya rikita mata kwanaki, zargi kuma ba ƙaramin zunubi ba ne. In ma abin da kike tsoro ne ya faru, ko kuma wani ne ya zalunce ta, yarinyar da ta san za a daka ta a gida ita ce ke zuwa bayan shago a ɓoye. Ki rufe ƙofa ki saurare ta, gari na wayewa ki ɗauki mayafinki ki kai ta asibiti da kanki. Allah Ya tsare mana matanmu da 'ya'yanmu.