Abin Da Ke Kusa Da Hannu: Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Saurin Ba Da Amsa

Duk ɗalibin da ya je rajistar jarrabawar JAMB daga Rano ko Kibiya zai tarar an buɗe masa jerin jihohi 36, da ya zaɓi Kano sai ƙananan hukumominta 44 su bayyana nan take. Dubban ɗalibai ne ke neman wannan jeri a lokaci guda. To, ina sirrin saurin yake?

Rumbun bayanai yana tsara abin da aka ba shi ajiya cikin jadawali-jadawali a kan faifai. Faifai yana da yalwa, amma yana da nawa. Ita kuwa ƙwaƙwalwar wucin-gadi, wadda ake kira RAM, ƙarama ce, mai tsada, mai saurin gaske. Ɗauko bayani daga RAM kan ci kamar kashi ɗaya cikin miliyan 10 na daƙiƙa, shi kuwa faifai mai juyawa kamar kashi ɗaya cikin 100. Wato in an ƙaddara aikin RAM daƙiƙa ɗaya ne, na faifai ya haura yini da kwana.

Uwargida a Kibiya ba ta hawa rumbu duk sa'ad da za ta dama kunu. Takan ɗebi gero na 'yan kwanaki ta aje a madafi. Haka injiniyoyi ke yi da jadawalin da aka fi nema. A 1987 Jim Gray da Gianfranco Putzolu suka yi lissafin kuɗi, suka ce bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya cikin minti 5 ya fi araha a bar shi a RAM. In wuri ya cika, wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba shi ake fara fitarwa.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne ranar da asalin ya canza, kwafin bai sani ba. A 2019 aka kafa masarautar Rano, a watan Mayun 2024 aka soke ta, a Yulin shekarar aka maido da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Na'urar da ta riƙe tsohon jadawalin masarautu za ta ci gaba da ba da amsar ƙarya cikin hanzari, kuma a ganinmu wannan ya fi jinkiri illa, domin ba wanda zai yi zargi. Shi ya sa ake sa wa kwafi wa'adi, ko a goge shi da zarar an taɓa asali.

Ga kuma matsalar wuta: da an ɗauke ta, RAM ta manta komai. Saboda haka sakamakon jarrabawa sai an rubuta shi a faifai kafin a ce ya ajiyu.