Titi ko Akwati: Sauyin Mulki Biyu a Jojiya

Sau biyu cikin shekara tara zaɓen 'yan majalisa ya sauya masu mulki a Jojiya, ƙaramar ƙasar nan da ke kudu da Rasha. Mikheil Saakashvili na cikin duka biyun: a 2003 shi ya karɓa, a 2012 shi aka karɓe wa.

Na farkon a titi aka yi shi. An tafka maguɗi a zaɓen 2 ga Nuwamba 2003, jama'a suka yi dafifi a Tibilisi, babban birnin ƙasar, kusan mako uku. Ranar 22 ga wata, Shugaba Eduard Shevardnadze na cikin jawabin buɗe sabuwar majalisa, sai Saakashvili ya kutsa zauren riƙe da furen wardi. Washegari dattijon ya sauka. Ba a zubar da jini ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka kori shugabanta na farko, Zviad Gamsakhurdia, da bakin bindiga a 1992.

Na biyun kuwa a akwati aka yi shi. Ana saura mako biyu zaɓen 1 ga Oktoba 2012, aka nuna bidiyon yadda ake azabtar da fursunoni a kurkukun Gldani, ran mutane ya ɓaci. Ƙawancen "Mafarkin Jojiya" na Bidzina Ivanishvili ya samu kujeru 85 cikin 150, jam'iyya mai mulki ta tsira da 65. Washegari Saakashvili ya fito a talabijin ya amince an kayar da su. Sai dai a tuna, sai da aka samu hamshaƙin attajiri irin Ivanishvili, wanda ya tara dukiyarsa a Rasha, kafin 'yan adawa su iya ja da gwamnati.

Abin da titi ya bayar shi ne sauri. Saakashvili ya ci zaɓen Janairun 2004 da kashi 96 cikin ɗari, ya sallami 'yan sandan hanya gaba ɗaya, karɓar na-goro a bakin titi ya kau, wutar lantarki ta daidaita. Amma wanda ya hau da irin wannan rinjaye ba shi da mai taka masa burki. A Nuwamban 2007 aka tarwatsa masu zanga-zanga da kulki da barkonon tsohuwa, aka rufe tashar talabijin ta Imedi, gidajen yari suka cika maƙil. Ga kuma yaƙin 2008 da Rasha.

Abin da akwati ya bayar shi ne tafiyar hawainiya, da ɗan numfashi. Shekara guda shugaban ƙasa Saakashvili da firaminista Ivanishvili suna zaman doya da manja, amma tsarin mulki bai karye ba. An saki dubban fursunoni, an kawo shirin kiwon lafiya na kowa da kowa a 2013. Duk da haka, a shekarar aka kama tsohon firaminista Vano Merabishvili, Ivanishvili kuma ya ajiye muƙaminsa ya koma juya akala daga bayan fage, inda babu ƙuri'ar da za ta kai gare shi.

Idan aka aza su a ma'auni, ni 2012 ta fi min nauyi, domin furen wardi ya nuna za a iya korar mai mulki, amma amincewar Saakashvili ta nuna mai mulki zai iya tashi da kansa. Abin da ke damuna shi ne sakamakon da ya samu. Ya bar ƙasar a 2013, da ya dawo aka ɗaure shi a Oktoban 2021. Ko da laifin da aka tuhume shi da shi gaskiya ne, duk mai riƙe da kujera a Tibilisi ya ga makomar wanda ya sauka. Jam'iyyar Ivanishvili ba ta bar mulki ba tun 2012, kuma bayan zaɓen 26 ga Oktoba 2024, wanda 'yan adawa suka ce ba su yarda da shi ba, mutane sun sake cika titin Rustaveli na Tibilisi.