Asfen: Itacen Da Gindi Ɗaya Ke Zama Kurmi

Tsinken ashana abu ne da ba wanda ya ɗauke shi bakin komai, amma ba kowane itace ne ke iya yin sa ba. Sai itacen da ba shi da ƙaro, wanda ke tsaguwa santal, yana shan kakin da ake tsoma shi ciki, kuma ba ya karyewa idan an ƙyasta. Itacen da masana'antun Turai suka samu ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne asfen. A garin Jönköping na ƙasar Suwidin, inda wasu 'yan uwa biyu 'yan gidan Lundström suka kafa masana'antar ashana wajen tsakiyar ƙarni na 19, da shi aka dogara. Akan ɗora gungumen a kan inji, wuƙa ta riƙa fere shi yana juyawa har ya zama shimfiɗa mai kaurin tsinke, sannan a daddatsa.

Asfen ba itacen ƙasarmu ba ne, ɗan ƙasashen sanyi ne. Akwai iri guda da ya bazu daga Birtaniya, ya ratsa Rasha har gabashin Asiya. Ɗan uwansa kuwa shi ne itacen da ya fi kowanne yaɗuwa a Arewacin Amurka, tun daga Alaska da Kanada har tsaunukan Meziko. Siriri ne, dogo, ɓawonsa fari-fari da ratsin baƙi. Abin da ya fi yin suna da shi shi ne rawar ganye: ko iskar da mutum ba ya jin ta a jikinsa ta isa ta sa ganyen karkarwa, saboda sillen da ke riƙe da shi ba kewayayye ba ne, faffaɗa ne. A ƙarƙashin ɓawon kuma akwai kore, wanda ke ba itacen damar ci gaba da haɗa abinci da hasken rana ko bayan ganye ya zube da hunturu.

Kafinta ba zai yaba masa ba, kuma yana da hujja. Katakonsa ba ƙarfi, idan ya zauna cikin damshi kuma ruɓewa yake yi. Sai dai taushin nan ne ya sama masa kasuwa. Ana niƙa shi a yi takarda, ana yayyanka shi a manne a yi allunan gini. A Finlan da shi ake yin bencin ɗakin surace, domin ba ya ɗaukar zafi balle ya ƙona mai zama, kuma ba ya sartse. A tsibirin Kizhi na Rasha akwai wata coci ta katako da aka gina a 1714, mai ƙubba 22, an rufe ƙubbobin da sassaƙaƙƙun ɓallayen asfen, waɗanda rana da ruwan sama suka mayar da su launin azurfa. 'Yan asalin Amurka kuwa sun daɗe suna amfani da ɓawonsa don zazzaɓi da ciwon jiki, kuma an gano yana ɗauke da sinadarin da ke da dangantaka da na asfirin.

Duk wannan a saman ƙasa ke nan. Babban labarin asfen yana ƙarƙashinta.

Yana yin iri, amma ƙwayar ƙanƙanuwa ce, ba ta wuce 'yan makonni da rai, kuma sai ta faɗa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa marar ciyawa kafin ta tsira. Don haka a wurare da yawa bai dogara da ita ba. Saiwoyinsa ne ke tafiya a kwance, kusa da saman ƙasa, suna fitar da toho nan da can, kamar yadda ayaba ke fitar da 'ya'ya a gindinta, sai dai na asfen yakan ɓullo nesa da uwar. Kowane toho ya girma ya zama itace, shi ma ya miƙa nasa saiwoyin. Mai wucewa zai ga kurmi, alhali asalinsu ƙwaya ɗaya ce. Da kaka ma ido na iya bambance su: a jikin tsauni guda za ka ga wani rukuni ya koma rawaya gaba ɗaya, na kusa da shi kuma yana nan kore shar, don kowane rukuni da lokacinsa.

Mafi shahara cikinsu yana dajin Fishlake a jihar Yuta ta Amurka, ana kiransa Pando. Ya mamaye wajen hekta 43, da itatuwa kimanin 47,000, an kuma ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 6,000. Masu bincike Jerry Kemperman da Burton Barnes ne suka bayyana shi a 1976, daga baya gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa dukansu abu ɗaya ne, kuma namiji ne, domin a wajen asfen namiji daban, mace daban. Kowane itace a cikinsa da wuya ya wuce shekara 130, amma gindin ya yi dubban shekaru yana canza su. Har titin mota ya ratsa ta tsakiyarsa.

Gobarar daji, wadda ke hallaka wasu itatuwa, shi gaba take kai shi. Muddin manyan na tsaye, suna sakin wani sinadari da ke danne toho. Da wuta ta cinye su, sai saiwar da ta tsira a cikin ƙasa ta fitar da dubban tsirrai a hekta guda, su riga kowa shan rana. Inda aka daɗe ana kashe kowace gobara kuwa, itatuwa masu jure inuwa kan taso a hankali su rufe shi.

To, abin da wuta ta kasa, bakin dabba na neman yi. Tohon asfen abinci ne mai daɗi ga bareyi da shanu. A gandun Yellowstone, bayan an ƙarar da kyarketai a shekarun 1920, manyan bareyi suka yi yawa, suka hana sabon tsiro tashi shekaru da dama. An dawo da kyarketan a 1995, asfen ya fara farfaɗowa a wasu sassa, kodayake masana na ta muhawara kan ko kyarkeci kaɗai za a gode wa. Pando ma haka: wani bincike da Paul Rogers na Jami'ar Jihar Yuta ya fitar a 2018 ya nuna tsofaffin na mutuwa, matasan da za su gaje su kuma ana cinye su tun suna ƙanana. A ganina nan ne ido ke yaudarar mutum, domin kurmi mai dogayen itatuwa yana iya zama ya kama hanyar ƙarewa ba a sani ba, idan ba a duba ƙasa an ga ko akwai na baya ba.

Maganin da aka gwada ba wani mai wuyar fahimta ba ne: shinge. A ɓangaren Pando da aka kewaye da waya mai hana barewa tsallakawa, toho ya tashi ya wuce tsayin mutum cikin 'yan shekaru. A ɓangaren da aka bari a buɗe, tsofaffin ne kawai ke tsaye.