Manhajojin Aikin Gayya: Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Wayar Hannu

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Sauran masana'antu suka biyo sahu: masaƙar UNTL da ta Arewa Textiles, ga DICON mai ƙera makamai da aka kafa a 1964, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975. Babbar masaƙa ba ta barci. Masu aikin safe su tashi, na rana su karɓa, su kuma su miƙa wa na dare. Mai tashi ya san injin da zarensa ke yawan tsinkewa, ya san wanda ƙararsa ta sauya tun da hantsi, ya san rinin da ya kusa ƙarewa. In ya tafi gida da wannan sani a kansa, wanda ya canje shi sai ya ɓata yadi kafin ya gano. Shi ya sa masana'antu ke ajiye littafin miƙa aiki a teburin foman, da allon sanarwa, ban da 'yar maganar da ake yi a tsaye, baki a kunne, saboda rugugin injuna.

Wannan matsalar ce masana kwamfuta suka sa a gaba: yaya abin da mutum ɗaya ya sani zai isa ga abokan aikinsa kafin a yi asara? A 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa taro a San Faransisko yadda mutum biyu da ke wurare dabam za su yi aiki a kan rubutu guda, suna ganin juna a allon kwamfuta. A 1984 Irene Greif da Paul Cashman suka tara masana a Amurka, daga nan binciken aikin haɗin gwiwa da kwamfuta ya zama fage mai zaman kansa. Tambaya biyu suke yi wa kowace manhaja: lokaci guda ake aikin ko a jere? Wuri guda ake ko a warwatse? Zoom na waɗanda suka rabu a wuri ne amma suka haɗu a lokaci. Lotus Notes, wadda ta fito a 1989, da Google Docs na yau, suna ajiye aiki har mai zuwa ya zo ya tarar.

Abin da ya fi muhimmanci a binciken, a ganina, shi ne dalilin da ke kashe irin waɗannan manhajoji. A 1988 Jonathan Grudin ya yi nazarin kalandar kwamfuta mai tsara wa ofis lokacin taro. Manaja ne ke cin moriyarta, amma ba ta aiki sai kowane ƙaramin ma'aikaci ya zauna ya shigar da jadawalinsa, shi kuwa bai ga abin da ya ƙaru da shi ba. Sai ya yi biris, kalandar ta zama fanko. A 1992 Wanda Orlikowski ta bi diddigin wani babban kamfanin ba da shawara da ya sayi Lotus Notes. Ƙarin girma a kamfanin ya dogara ne ga mutum ya zarce tsaransa, don haka ba wanda ya yarda ya baje saninsa a inda kowa zai ɗiba. Gayya tana ci ne saboda wanda ya yi noma a gonar wani yau ya tabbata za a zo tasa gobe. Manhajar da ba ta ba ma'aikaci wannan tabbaci, komai tsadarta, ba za ta zauna ba.

Yawancin masaƙun Kakuri sun rufe, Kaduna Textiles tun 2002, dubban mutane suka rasa abin yi. Amma kanikawa da masu walda da teloli da masu sayar da kayan gyaran mota suna nan, kuma tun zuwan wayar salula a 2001 hanyar haɗa kansu ta sauya. Yau zauren WhatsApp ne ofishinsu. Oga yana kasuwa, yaron shago ya ɗauki hoton ƙarfen da ya karye ya tura, ya bi shi da saƙon murya da Hausa, kafin la'asar an kawo sabo. Ba wanda ya tilasta musu, domin wahalar kaɗan ce, amfanin kuma nan take mai turawa ke ganinsa. Wanda bai yi boko ba ma bakinsa ya ishe shi.

Sai dai zauren yana da mantuwa. Umarnin da aka bayar ranar Laraba ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Saƙon murya ba ya bincikuwa, sai an saurare shi ɗaya bayan ɗaya. In ma'aikaci ya bar aiki ko aka sace masa waya, lambobin masu ciniki da tarihin bashi sukan tafi da ita. Ƙungiyoyin da suka farga sukan ware zaure na biyu wanda shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki, su kuma ɗora wa mutum ɗaya nauyin kwashe duk shawarar da aka yanke zuwa takarda guda da kowa zai iya buɗewa. Wannan mutumin dole a lissafa masa kwasar a cikin aikinsa, a kuma saya masa data, in ba haka ba mako biyu ya yi yawa ya daina.