Karkacewar Ido Zuwa Waje

Tsokoki shida ne ke juya kowane ido, ƙwaƙwalwa kuma ita ke daidaita aikinsu domin idanu biyu su sauka kan abu ɗaya. Idan daidaiton ya yi rauni, ido ɗaya kan zame ya nufi wajen kunne alhali ɗayan na kallon gaba. Nau'i ne na harara-garke.

Yawanci yakan ɓullo kafin yaro ya cika shekara 5, kuma zuwa yake yi yana tafiya. Yaro zai duƙa kan allonsa idanunsa daidai, amma da ya hangi nesa, ko ya gaji, ko zazzaɓi ya kama shi, sai ido ya zame. A kira sunansa, ya ƙifta, idon ya dawo. Yakan kuma runtse ido ɗaya da zarar ya fita rana. A zafin Afrilu na Gwandu ko Kalgo kowa ma runtse ido yake yi, shi ya sa iyaye ba sa kawo komai a ransu. Jariri dai idanunsa kan yi yawo har wajen wata 4, wannan ba ciwo ba ne.

Babba da abin ya sama daga baya yakan ga abu biyu-biyu. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa watsi take yi da hoton idon da ya karkace. Idan karkacewar ta zauna, yaro kan kasa auna nisan abu, idon ma yana iya raunana.

Wani lokaci idon kan karkace ne domin ba ya gani tun farko, saboda yanar ido, ko tabon da ƙyanda ko tsokanar kara ta bari. Idan har da farin haske a baƙin idon yaro, jinkiri ganganci ne, domin kansar ido takan fara da haka.

Gwajin ba wuya: likita ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya lura da motsin kowanne. Kwalli da maganin ɗigawa ba sa miƙe ido. Gilashi kan wadatar da wasu, wasu a riƙa rufe musu ido mai ƙarfi na 'yan sa'o'i kullum. Idan abin ya yawaita sai tiyata, inda ake sassauta tsokar da ke jan ido waje. Daga Gwandu da Kalgo, manyan asibitocin Birnin Kebbi ba su da nisa. Aikin da ya fi ƙarfinsu akan tura shi asibitin koyarwa na Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.