Ko Kun Sani? Sirrin Fiza Yana Cikin Zafin Wuta

Fiza, wato faffaɗan burodin da ake shafa wa tumatir a zuba cuku a gasa, ta samo asali ne daga birnin Nafoli na Italiya, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yin ta irin ta Nafoli cikin al'adun gado na duniya. Tanderun itace na Nafoli kan kai digiri 485 a ma'aunin Salshiyos, ya gasa ta cikin daƙiƙa 90, alhali obin ɗin gida bai cika wuce digiri 250 ba. Shi ya sa masu yin ta a gida sukan bar kwaɓin fulawa da yis ya kwana yana tashi, sannan su shimfiɗa shi a kan dutse ko faifan ƙarfen da ya ɗauki zafi, domin ƙasansa ya gasu sosai.