Ƙullin Da Ya Cije: Yadda Ake Kwance Igiyar Jan Mota Ba Tare Da An Yanke Ta Ba

Duk wanda ya taɓa fito da amfanin gona daga fadamun ƙasar Zaki a ƙarshen damina ya san halin hanyoyin wurin, balle a shekarar ambaliya irin ta 2022. A-kori-kura ta ɗauko buhunan shinkafa daga wajen Sakwa za ta Azare, sai ta kafe a taɓo. A nemo tarakta, a ɗaura igiya, a ja. Mota ta fito, kowa ya yi hamdala, amma da an koma kan igiya sai a tarar ƙulli ya cije kamar dutse. Direba yana sauri, rana tana faɗuwa, sai wani ya zaro wuƙa. Da haka igiya mai tsawon mita 9 take komawa mita 6 kafin kaka ta wuce. Gajeriyar igiya kuwa ita ce ke tilasta wa tarakta shiga cikin laka don ta kai ga motar da ta kafe, ƙarshe a wayi gari biyu ne suka kafe.

Me ke sa ƙulli ya cije?

Igiyar janwe mai faɗi kamar bel galibi da zaren nailan ake saƙa ta, zaren da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935. Abin da ya sa ake son nailan wajen ja shi ne yana miƙewa ya dawo, saboda haka fizga ba ta girgiza mota sosai. Wannan miƙewar ce kuma ke jawo matsala. Idan nauyi ya hau kanta, igiya takan sirance, ƙulli ya ƙara zarcewa ciki. Da an saki, zaren yana neman komawa kaurinsa na asali amma babu wuri, sai ya danne kansa da kansa. Yashi da laka da suka shiga tsakani su ƙara riƙe shi, musamman idan an bari sun bushe.

Saboda haka ja ba ya kwance irin wannan ƙulli, ƙara masa ƙarfi yake yi. Abin da ake bukata shi ne a sassauta cikinsa.

Yadda za a kwance

Da farko a matso da mota baya kaɗan don igiya ta saki gaba ɗaya. Idan za a iya zare ta daga jikin ƙugiya, a zare a kai ta inuwa. A tsoma ƙullin cikin bokitin ruwa da ɗan sabulu kamar minti 20 zuwa 30, ana mutsuttsuka shi har lakar ta fita. Sabulu yana sa zare ya yi santsi, kuma yana wankuwa daga baya.

Bayan haka sai a ɗora ƙullin kan gungume ko turmin da aka kifa, a riƙa bubbuga shi da ƙotar gatari ko taɓarya, ana juya shi ta kowane gefe. Ba dukan ƙarfi ake so ba. So ake ƙullin ya baje ta nan, a juya ya baje ta can, har ninkin da ke ciki su fara motsi. A nan ne mutane da yawa suke ƙosawa. Minti 5 na bugu a hankali ya fi amfani a kan ƙarti uku suna ja da filaya.

Idan ya fara laushi, a lanƙwasa shi gaba da baya da hannu biyu. A duba ninkin da ya hau kan doguwar igiya ya shaƙe ta, a tura shi baya da babban yatsa, sannan a cusa igiyar cikin ƙullin maimakon a jawo ta waje. Da ɗan rami ya buɗe, a zura abu mai santsi marar kaifi, kamar bakin ƙahon akuya ko itacen da aka fiƙe aka dakushe bakinsa, a bi tsakanin ninki da ninki ana murzawa. Kada a yi amfani da basilla ko ƙusa mai tsini, don suna huda saƙar su tsinka zare. Idan ya ƙi, a mayar da shi ruwa ya kwana.

Akwai masu kara ƙulli a wuta wai don ya yi laushi. Wannan ɓata igiya ne. Nailan yana narkewa a zafin digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyas, kuma yana raunana tun kafin ya kai nan. Shuɗiyar igiyar leda ta kasuwa ma ta fi saurin narkewa, domin yawancinta wata roba ce daban. A jefa guntu cikin ruwa, ita tana yawo a sama, nailan kuwa nutsewa yake. Baƙin mai da gas su ma a guje su: suna kama yashi, kuma ƙullin da aka yi gaba zai riƙa zamewa.

A duba kafin a sake amfani da ita

Fizga mai ƙarfi takan sa zare ya gogi zare har ya ɗau zafi. Idan wurin da aka kwance ya yi sheƙi, ya sandare kamar busasshiyar fata, ko gefen bel ɗin ya tsage, to wannan wurin ya mutu. A nan kam wuƙa ta halatta. A yanke, a bar guntun don ɗaurin kaya a amalanken shanu, kada a sake jan mota da shi. A kuma tuna cewa jiƙaƙƙen nailan yana rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsa, ƙulli kuma yana iya cinye kusan rabi. Igiyar da ta tsinke tana cikin ja dawowa take kamar bulala, kuma tana iya kisa.

Ya kamata malaman gona su nuna wa ƙungiyoyin manoma masu hayar tarakta yadda ake kauce wa ƙulli tun farko. Igiya mai ɗinkakken kunne a kowane ƙarshe ba ta bukatar ƙulli, a rataya kunnen a ƙugiyar ja kawai. Idan za a haɗa biyu, a sarƙe kunne cikin kunne, a cusa naɗaɗɗen buhu a tsakiya. Bayan ja sai a zare buhun, wurin ya saki. Kada a haɗa igiya biyu da ƙarfe, domin idan ɗaya ta tsinke ƙarfen zai tashi kamar harsashi. Idan babu kunne, a naɗa igiya sau biyu a jikin wurin ja kafin a ƙulla, don naɗin ya ɗauki nauyin.

A jikin tarakta, a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa inda ake haɗa tirela. Ɗauri sama da gatarin baya yana iya ɗaga gaban tarakta ta kife a kan direba cikin ƙasa da daƙiƙa 2. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiya don ya kashe ƙarfinta idan ta tsinke, 'yan kallo da yara kuma su koma gefe, nesa fiye da tsawon igiyar.

Bayan aiki a wanke ta, a shanya a inuwa, a rataye ta a ɗaki. Kada a jefa ta bayan mota kusa da batir, domin ruwan batir yana cin nailan tun kafin ido ya ga alamar.